Sheƙi ba shi ne asali ba: Me ya sa fentin kamfani ya fi kurom daraja a injin tsofaffin motocin Amurka

Duk mai yawo a Instagram ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: a ɗaga bonet ɗin tsohuwar Mustang ko Charger, sai ga inji yana walƙiya kamar madubi, kowane noti an yi masa kurom. Dubban mutane su danna alamar so, a yi ta yabo. Sai dai a wajen masanan waɗannan motoci, injin nan ya yi asarar abin da ya fi komai tsada a jikinsa, wato shaidar yadda ya fito daga masana'anta. Kuma su ne ke da gaskiya.

Motocin da ake magana a kai su ne waɗanda Amurkawa ke kira muscle car, motoci masu ƙwanji da manyan injina masu silinda takwas. Zamaninsu ya fara da Pontiac GTO a 1964, ya ja baya a farkon shekarun 1970. A lokacin kowane kamfani da launin injinsa. Chevrolet ruwan lemo yake fesawa. Ford ya koma shuɗi daga 1966, alhali a 1965 injin 289 na Mustang baƙi ne. Pontiac shuɗi mai haske yake amfani da shi. Injin 426 Hemi na Chrysler kuwa ruwan lemo ne irin nasa daban, murafan samansa baƙaƙe masu kaushi, ba masu santsi ba. Ke nan wanda ya fesa wa Mustang ɗin 1965 shuɗi ya ba ta launin da ba ta taɓa sawa ba.

Abin bai tsaya a launi ba. A masana'anta, sai an harhaɗa inji sannan a fesa masa fenti cikin gaggawa, domin wani na biye a kan layi. Shi ya sa fentin kan fantsama a kan kusoshi, da wasu robobi, da bakin bututun hayaƙi, wani lungun kuma bai samu sosai ba. Kafireto irin na Holley ba fenti gare shi ba, wani rufi ne na sinadari mai ɗan ruwan zinare. Wasu notuna baƙaƙe ne marasa sheƙi, wasu an lulluɓe su da zink ko kadmiyam. Jikin altaneta alminiyom ne tsirara. Masu duba aiki kuma kan bar alamar alli ko ɗigon fenti don nuna an duba wuri. Ƙwararren mai gyara yana mayar da duk waɗannan, har da fantsamar fentin.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne amfanin biyan kuɗi don a kwaikwayi gaggawar lebura? Amsar tana aljihunsa. Duk wanda ya taɓa sayen iPhone na hannu ya san abin da ake fara dubawa: a shiga saiti a ga ko wayar ta nuna an canza mata sikirin ko batir. Sikirin ɗin da aka canza yana iya fin na asali haske a ido, amma farashi sai ya faɗi, domin mai saye ba haske yake nema ba, tabbaci yake nema. Haka injin mota yake. Launi da rufin kowane ƙarfe bayanai ne da ake haɗawa da lambobin da aka buga a jikin inji, da takardar haɗi da ake tsinta a ƙarƙashin kujera, a gane ko sassan na motar ne. Idan aka kankare komai aka yi kurom, an goge tarihi, kuma babu maɓallin dawo da shi.

Akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki wannan da muhimmanci. NCRS, ta masu Corvette, wadda aka kafa a 1974, tana da littattafan alƙalanci da ke bin mota gaɓa-gaɓa, kuma ana rage maki idan gyara ya zarce yadda kamfani ya yi. Masu Ford na 1967 zuwa sama suna neman Marti Report, takardar da ke fitowa daga bayanan kamfanin kansa. Kasuwa ma ta nuna inda ta dosa. A 2023 an yi gwanjon wata Dodge Challenger ta 1970 da ake wa laƙabi da Black Ghost, wadda ba a sabunta ta ba, ta haura dala miliyan ɗaya. Labarin mai ita, wani ɗan sandan Detroit, ya ƙara mata kuɗi, amma da an wanke ta da kurom, da rabin labarin ya tafi.

Masu ɗaya ra'ayin ma suna da hujja. Fentin wancan zamani ba ya jure zafi kamar na yanzu, bututun hayaƙi na ƙarfe tsirara yana tsatsa da wuri, kadmiyam kuma guba ne, shi ya sa aka taƙaita amfani da shi. Wanda zai riƙa hawa motarsa kullum yana da damar sa mata rufin zamani, mota tasa ce. Matsalar tana farawa ne ranar da ya kira ta "ta asali" a tallan sayarwa. Haka nan wanda ya zana alamar allin da motarsa ba ta taɓa samu ba, don kawai ya gani a hoton wata, shi ma ƙarya ya yi, sai dai tasa ta fi wayo. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, musamman a gaban alƙalin da ya shekara talatin yana leƙa ƙarƙashin bonet.

A nan waya ke da rawar takawa, kuma tana iya gyarawa ko ɓatawa. Tana ɓatawa idan aka zaɓi fenti daga hoton intanet. Kyamara tana sauya launi daidai da hasken wuri, manhaja tana ƙara masa armashi, sikirin OLED ya sake ƙarawa. Ruwan lemon Chevrolet da na Hemi suna iya zama ɗaya a waya, amma a rana tsaka kowa ya san nasa. Samfurin gaskiya yana jikin injin, a lungun da rana da mai ba su taɓa ba, kamar ƙarƙashin wani maƙalin ƙarfe.

Tana gyarawa kuma idan aka sa ta aiki kafin sifana ta taɓa noti ko ɗaya. A ɗauki hoton kowane sashe, kowace alama, kowane ɗigon fenti, a rubuta inda aka same shi, a ajiye a wuri biyu. Masu rubuta manhaja ba sa taɓa tsohon aiki sai sun adana kwafinsa, domin sun san abin da ke kama da kuskure wani lokaci shi ke riƙe da komai. Mai gyaran injin da ya haura shekara hamsin ya fi su buƙatar wannan ɗabi'a. Kurom ana iya sayensa gobe. Fentin da wani lebura ya fesa a 1969, idan aka kankare shi, ya tafi ke nan.