Shayin netil da mai ciki: dalilin da ya sa na ce wa ƙanwata ta ajiye shi

1/ Jiya ƙanwata ta turo min hoton wani kwalin shayi a WhatsApp. Cikinta wata biyar. Ta ce, "Yaya, an ce wannan ya fi ƙwayar ƙarin jinin asibiti, kuma ganye ne zalla." Shayin netil ne. Na ce ta ajiye shi tukuna. Bari in faɗi dalilina, ko wata za ta amfana.

2/ Netil tsiro ne da ya fi yawa a Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Ganyensa na da ƙananan gashi, in ya taɓa fata sai zafi da ƙaiƙayi. Dafawa ko busarwa na kashe wannan zafin. Turawa sun daɗe suna miya da shi, suna kuma jiƙa shi su sha.

3/ Gaskiya ɗaya ce, ganyen ba na banza ba ne. Akwai sinadarin ƙarfe a cikinsa, da kalsiyam, da bitamin K. Nan masu talla suke kafa hujja. Amma cin ganye a miya daban, shan ruwan da aka tsoma 'yar jakar shayi a ciki daban. Abin da ke fitowa cikin kofin kaɗan ne.

4/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe kullum, da maikirogiram 400 na folik asid. Babu kofin shayin da zai ba ki wannan. Ƙwayar da ake bayarwa wurin awo an auna ta, shayin kuwa babu mai gaya miki adadin abin da ke ciki.

5/ Abin da ya tayar min da hankali shi ne ƙanwar tawa ta yi sati biyu da daina shan ƙwayar. Wai tana sa ta tashin zuciya da taurin bayan gida. Wannan na faruwa, ba ƙarya ta yi ba. Amma maganinsa ki faɗa wa nas, a canza miki lokacin sha ko irin ƙwayar. Ba ki watsar ba.

6/ Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai, inda ganyen yake gida, cewa ta yi ba a tabbatar da rashin illarsa ga mai ciki da mai shayarwa ba, don haka ba ta ba da shawarar amfani da shi ba. Masu shi ma ke nan. To mu da ya zo mana a kwali fa?

7/ A lura, ban ce an tabbatar yana zubar da ciki ba. Na ce ba a tabbatar da lafiyarsa ba. Abu biyu ne mabambanta. Amma a kan me za ki mai da cikinki wurin gwaji, alhali amfanin da kike nema yana nan a abin da aka riga aka gwada?

8/ Ga wani haɗarin. Netil na sa yawan fitsari, shi ya sa ake tallarsa ga masu kumburin ƙafa. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, duk suna iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. Wannan na asibiti ne yau-yau, ba na kofin shayi ba.

9/ Ƙarancin jini ma ba kullum daga abinci yake ba. A wurinmu maleriya na cinye jinin masu ciki, tsutsar ciki ma haka, ga sikila. In ba a gwada jininki ba, me kike magani? Shi ya sa ake ba da maganin rigakafin maleriya da gidan sauro wurin awo.

10/ Za a ce ai iyayenmu da ganye suka haife mu. Haka ne, ni ma zogale da alayyahu ba sa yankewa a gidana. Amma "ganye ne" ba shaidar lafiya ba ce. Zaƙami ma ganye ne, kowa ya san aikinsa.

11/ Kina son ƙarin jini? Ki sha ƙwayarki, ki ci nama da kifi da ƙwai da wake da miyar ganye, ki haɗa da lemu ko gwaba don jiki ya fi ɗaukar ƙarfen. Kada ki kora ƙwayar da shayi ko kofi, suna rage abin da jiki ke ɗauka.

12/ In kin riga kin sha kofi ɗaya ko biyu, kada ki tsorata. Ki dakata, ki ɗauki kwalin ki kai wa ungozoma ko likita su gani. Maza kuma, kuɗin kwalin nan gara ku kashe shi a gwajin jini da kuɗin motar awo.

13/ Ƙanwata ta koma kan ƙwayarta, ranar Alhamis za ta je awo da kwalin a jaka. Allah Ya raba lafiya, Ya sauki duk masu ciki lafiya. Amin.