Ganyen Miya Bai Kamata Ya Jira Mota Daga Arewa Ba

Ya kai ɗan'uwa mai neman abinci a Kasuwar Creek Road ta Fatakwal, ko a Anaca, ko Inugu, ka san tumatir da albasar da ke gabanka sun yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin su iso. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu, cikin 'yan kwanaki farashi ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan dako da matar da ke riƙe da marayu, ba mai shago ba.

A ganinmu, abin kunya ne ɗan manomi ya zauna a garin da ruwan samansa ya haura milimita 2,000 a shekara, amma alayyafo ya gagare shi. Rashin fili ba hujja ba ce. Gidaje biyar ko shida su haɗa hannu, su tara tsofaffin buhunan shinkafa, a huda gindinsu, a cika su da kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na kashin kaji da ya ruɓe. A barbaɗa ɗan toka, domin ƙasar yankin tana da tsami. A ɗora buhunan bisa bulo saboda ambaliya.

Kada a ɓata ƙarfi a kan tumatir. Damshin Fatakwal yana jawo masa cutar yaushi. Alayyafo kuwa, cikin mako huɗu ya isa yanka. Ga lalo, ga kuɓewa, ga ugu, wanda maƙwabtanka suka fi ka sanin sirrinsa. Tambaye su. A kula: ruwan rafin bakin kasuwa yana da gishiri da ƙazanta, bai dace da ban-ruwa ba. A tari na sama, a kuma wanke ganye sosai saboda baƙar ƙurar da ta addabi garin tun 2016.

Batun rabo shi ne mai wuya, don mabukaci na gaskiya ba ya roƙo. Tun kafin shuka a yanke cewa yankan farko na gidajen da ba su da hali ne, Bahaushe ko Inyamuri ko ɗan Ijo, dattijo guda ya aika yaro da shi da magariba, ba tare da shela ba.

Kai kuma malamin gona, tattauna da Sarkin Hausawa ko limamin unguwa, ka gwada buhu goma a harabar masallaci kafin ka kira taro.