Daga Kan Tabarmar Karatu: Zamani Riga Ne

 

Kwanan baya bayan sallar la'asar, wani dattijo a zangonmu ya tare ni da kuka. Ya ce jikokinsa Hausar tasu rabi Turanci ce, rabi Tuwi, kuma ba wanda zai iya karanta wasiƙa da ajami ko da boko. Ya ce duniya ta ƙare. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, kakanninku ma sun yi irin wannan kuka, har sun rubuta shi." Abin da ya sa ke nan na ɗauko wasu littattafai da suka yi magana kan sauyin zamani, domin mu duba tare.

Mu fara daga gida. Alhaji Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano, ya zo ƙasar Gwanja ta hanyar fataucin goro. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, shi kuma ya koma Kete-Karachi, inda ya rasu a 1934. Malamin ya ga zuwan Turawa da idonsa, ya kuma yi waƙoƙi a kai da Larabci da Hausa, yana lissafa garuruwan da suka faɗa hannunsu. Abin lura shi ne bai naɗe tabarmarsa ba. Ya ci gaba da koyarwa, har almajiransa suka bazu a zangunan ƙasar nan. Tsohon garin Karachi ma ruwan Bolta ya ci shi bayan gina madatsar Akosombo, amma rubutun malam yana nan.

A shekarar da ya rasu, wato 1934, aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Zariya. Labari ne na yaro ɗan Kagara da aka sace, aka ratsa hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Yaron ya rasa gida da dangi, amma ya sami ilmi, ya dawo ya zama malami. Duk ɗan zango da ya karanta littafin nan zai ji wani abu ya taɓa shi, don mu ma tafiya ce ta haife mu. Shi kansa labarin ya yi ta sauya riga. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Da ya tsaya a takarda kawai, da mutane da yawa ba su san shi ba.

Ta fannin wasan kwaikwayo kuma, akwai Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, na 1959. Sunan kaɗai ya isa bayani. Marubucin ya dubi zaman birni, da son kuɗi, da yadda tarbiyyar 'ya'ya take sulluɓewa daga hannun iyaye. Ku duba fa, yaran da ake kuka da su a 1959 su ne tsofaffin da daga baya suka riƙa cewa na yanzu ba su da kunya. Ashe kowane zamani da irin kukansa. Sai dai Maƙarfi bai ɗora laifin duka a kan yara ba, ya nuna cewa manya ma suna da nasu kason.

Sai zane da ƙira. A 1976 an yi baje kolin kayan fasahar Hausawa a Landan, David Heathcote ya rubuta littafin da ya raka shi, The Arts of the Hausa. A ciki akwai aikin ɗinki, da dukanci, da sassaƙar ƙwarya, da adon gini. Wanda ya san tsofaffin gidajen Zariya ya san cewa maginan gargajiya, da keke da mota suka shigo, sun zana su a jikin bango, gefe da gefe da dagi. Ba su ce keke kayan Nasara ne ba za su taɓa ba, ba su kuma yar da dagi don sun ga keke ba. Sun haɗa su a bango ɗaya, da laka irin ta kakanninsu.

To, ina amfanin wannan duka gare mu? Hausawa sun ce zamani riga ne, kowa da irin tasa. Ba mai hana 'ya'yanmu Turanci da Tuwi da Ga, kuma bai kamata a hana su ba, da su za su ci abinci a ƙasar nan. Haɗarin yana wani wuri dabam. Harshen da ake magana da shi kawai a kasuwa da tasha, ba a karanta shi, kullum ƙanƙancewa yake yi. Yau a rasa karin magana, gobe a rasa sunayen kayan sana'a, jibi yaro ya tarar da takardun kakansa a akwati ya ba mai ƙosai ta naɗe.

Shawarata ƙarama ce. Duk mai zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya sa littafi ɗaya na Hausa cikin tsarabarsa. Malaman makarantun Islamiyya su ware ko da rabin awa a mako don karatun Hausa, boko da ajami. Ƙungiyoyin samari masu yin wasa lokacin Sallah su gwada ɗauko Shaihu Umar. Wanda kuma ya gaji tsofaffin takardu, ya adana su daga gara da ruwa, ya nemi malamin da zai karanta masa.

Dattijon nan na ba shi aron Shaihu Umar, da sharaɗin jikarsa ce za ta riƙa karanta masa shafi biyu kowane dare, yana gyara mata. In sun gama zan ba ku labari.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.