Sharhi: Wa ke biyan hayar sunan shafin ofishinku?

Sunan shafin intanet haya ce da ake sabuntawa duk shekara. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, shafin zai rufe, saƙonnin imel su daina shiga, kuma bayan 'yan makonni kowa na iya yi wa sunan rajista, har da 'yan damfara masu buga tallar ɗaukar ma'aikata ta bogi. Saboda haka hanyar biyan wannan haya ta cancanci kulawar shugabannin hukumomi.

Wanda ya zaɓi suna mai ƙarewa da .com a wurin kamfanin waje kamar GoDaddy ko Namecheap, farashinsa yana bin dala. A shekarar 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗe ƙofar. A tsakanin nan gwamnati ta saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Masu shafuka suka koma ga katin dala na manhajojin waya, ko aron katin aboki mai asusun kuɗin waje.

A nan haɗarin yake. Galibi wanda ya biya da katinsa, da imel ɗinsa yake buɗe asusun, sai sunan hukuma ya zama a aljihun mutum guda. Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki ko ya yi ritaya, ya tafi da mabuɗin.

Akwai hanya mafi sauƙi. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, kuma kamfanonin cikin gida da ta amince da su suna karɓar naira ta katin banki, ta turawa daga asusu, ko ta Paystack da Flutterwave. Hukumar NITDA kuwa ita ke ba da .gov.ng, wanda Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta wajabta wa hukumomin gwamnati amfani da shi a Fabrairun 2022.

Batun bai tsaya a Abuja ba. A Zungeru ta jihar Neja, tsohuwar hedikwatar Arewacin Najeriya kafin a koma Kaduna, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar da tashar lantarki mai megawat 700. Ɗalibin da zai buɗe wa ƙaramar sana'arsa shafi, da ɗan kwangilar da ke neman aiki a can, duka suna iya biyan hayar .ng daga wayarsu da naira, ba tare da sun je Minna neman canji ba.

Kiranmu ga manyan sakatarori da mataimakan masu riƙe da muƙamai shi ne su binciki abu uku a wannan makon: sunan wa ke kan rajistar shafinsu, yaushe wa'adin zai cika, kuma daga wane asusu ake biya. A mayar da rajistar kan imel ɗin hukuma, a sanya kuɗin cikin kasafi, a biya na shekaru da dama lokaci guda. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin wannan rigakafin bai taka kara ya karya ba.