Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi

A Dutsin-Ma da Kurfi, idan aure ya shekara biyar babu goyo, matar ake zuba wa ido. Wasu ma'auratan kan sayar da shanun noma ko gonar rani ta bakin madatsar Zobe, su nufi Kano ko Abuja neman dashen ɗan tayi, aikin da aka fara cin nasararsa a Ingila a 1978 da haihuwar Louise Brown. In abin ya ci tura, sai a sallame su da cewa Allah bai nufa ba. Babu mai imanin da zai musa wannan. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ƙaddara mayafin rufe bayanin da ma'aurata suke da haƙƙin ji.

Bayan an haɗa ƙwan mace da maniyyin miji, akan rena ɗan tayin kwana uku zuwa biyar cikin wani ruwa mai gina jiki, a ɗumin digiri 37. Wannan ɗumi da wannan abinci su ne ƙwayar bakteriya take so. Wadda ake kira E. coli tana iya ninka kanta cikin minti 20, don haka kafin gari ya waye ruwan ya gurɓace. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, amma idan ya faru, maniyyi yana cikin manyan hanyoyin shigarta. Ga shi kuwa a garuruwanmu namiji yana ganin gwaji a matsayin cin fuska, mace ce kullum mai "sanyi".

Akan zuba maganin jentamaisin cikin ruwan renon domin kariya. To, allurar nan ce ake tsira wa mutane a kemis ba da takardar likita ba, har ƙwayoyin cuta suka koyi bijire mata. Laifi tudu ne. Wannan namu ne.

Gurɓacewa kuma ba lallai ta zama ƙarshen zance ba. Masana kan wanke ɗan tayin sau da yawa, su mayar da shi sabon ruwa, wani lokaci su cire ɓawon da ke lulluɓe da shi. Sukan gano irin ƙwayar da maganin da ke kashe ta, a yi wa miji da mata magani, a zagaye na gaba a tsira maniyyi guda cikin ƙwai da allura, wanda ke rage haɗarin ƙwarai.

Masu cewa faɗin gaskiya zai haddasa rigima tsakanin miji da mata sun manta cewa shirun ma yana da wadda yake cuta. Ita za ta koma Kurfi da gorin dangin miji, wataƙila da kishiya. Wajibi ne asibiti ya rubuta wa ma'aurata abin da ya faru da matakin da ya ɗauka, miji kuma ya miƙa kansa ga gwaji tun kafin a sayar da gona.