AIKIN HAJJI: HALIN DA MATUƘAN JIRAGEN SHATA KE CIKI

A kowace shekara, idan watan Zulƙida ya kama, dubban maniyyata daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran jihohi sukan yi shirin tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Galibinsu jiragen shata ne ke ɗaukar su, wato jiragen da ake haya domin wani aiki na ɗan lokaci. Tun da kamfanin Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa shi a 1961, ya rushe a 2002, dogaro ga jiragen haya ya ƙaru a wannan yanki. Ana yawan magana kan kuɗin kujera da ranar tashi, amma ba kasafai ake tambayar halin da mutumin da ke riƙe da jirgin yake ciki ba.

Yadda ake biyan su

Matuƙin babban kamfani mai zirga-zirgar yau da kullum yana da albashin wata da fansho, kuma ya san ranakun aikinsa tun da wuri. Matuƙin shata kuwa, sau da yawa kwangilar ƴan watanni yake sa wa hannu. A irin wannan haya, kamfani yakan ba da jirgi tare da ma'aikatansa da gyaransa da inshorarsa, a biya shi bisa yawan awoyin da jirgin ya yi tafiya. Shi ma matuƙin, wani kashi na kuɗinsa yakan rataya ne a kan awoyin da ya tuƙa, haɗe da kuɗin guzuri na kwanakin da ya yi a waje. Idan jigila ta ƙare, sai ya nemi wata kwangilar a wata ƙasa. Bugu da ƙari, likita na duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma rashin lafiya kaɗan na iya raba shi da lasisinsa, da abincinsa gaba ɗaya.

Gajiya da doka

Daga Yamai zuwa Jidda akwai kimanin kilomita 4000, tafiyar wajen awa biyar. A lokacin kai alhazai jirgi yakan tafi cike ya komo wayam, ya sake lodi. Matuƙi na kwana a otel makonni da dama nesa da iyalinsa, yau ya tashi da asuba, gobe da tsakar dare. Don haka ne ƙungiyar jiragen sama ta duniya, OACI, ta wajabta wa ƙasashe su ƙayyade lokacin aiki da na hutu. A Tarayyar Turai, alal misali, ba a yarda matuƙi ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28 ba, ko awa 900 a shekara, kuma a bisa ƙa'ida aikin yini ba ya wuce awa 13. Zuwa Jidda da komowa, tare da saukewa da shan mai, ya kusa cinye wannan adadi. Idan maniyyata suka makara, ko takardu suka yi jinkiri, dole a kawo wasu matuƙan ko a jira waɗannan su huta, kuma kowanne kuɗi ne ga kamfani.

Darasin 1991

Ranar 11 ga watan Yuli 1991, wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa don mayar da alhazan Najeriya, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu sun fashe yana gudu a filin tashi, wuta ta kama, ya faɗi kafin ya samu komowa ya sauka. Dukan mutane 261 da ke ciki sun rasu. Bincike ya nuna cewa an san iskar tayoyin ba ta cika ba, amma gudun kada a saɓa lokacin tashi ya hana a tsaya a cika ta. Kamfanin ya rushe a 1993. Hausawa na cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Abin da ya kamata

Doka ta ba shugaban matuƙa ikon ƙin tashi idan bai gamsu da lafiyar jirgi ko ta ma'aikatansa ba. To amma wanda ake biya da awa, wanda kuma sabunta kwangilarsa ke hannun mai jirgi, faɗin a'a yana yi masa nauyi. Saboda haka wajibi ne hukumar shirya aikin hajji da umra, COHO, da hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, kafin a ƙulla kowace yarjejeniya, su binciki yawan matuƙan da aka ware wa kowane jirgi, da littafin awoyinsu, da wurin hutunsu, da kuma ko ana zaftare kuɗin wanda ya ɗaga tafiya domin tsaro. Araha ba ta ado.

Su kuma maniyyata, idan aka ce jirgi zai yi jinkiri domin matuƙa su huta ko a gyara taya, ya dace su yi haƙuri, gama jinkirin nan rayukansu yake karewa. Allah ya kai su lafiya, ya maido su gida lafiya.