A Gina Katangar Lambu, Amma a Bar Mana Darbejiyarmu

Tun ranar Litinin magina suka ja igiya inda za su haƙa harsashin katangar lambun makarantarmu. Katangar ta zama dole, domin bara awakin unguwa sun cinye mana alayyahu da kuɓewa. Damuwata ita ce igiyar ta bi ta gindin babbar darbejiyar da muke shan inuwa lokacin tara.

Malamin aikin gona ya koya mana cewa yawancin saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce inda rassa suka kai. Ke nan ramin harsashin zai datse su. In aka sare manyan saiwoyi ta gefe ɗaya, iskar farkon damina tana iya kayar da bishiyar, ga ajinmu kusa. In kuma aka ɗora bulo a kansu, za su yi ta kauri har su ɗaga ginin. Duk mai bin lungunan Sabon Gari ya ga katangu tsagaggu a gindin bishiya.

Shawarata, a matsar da igiyar nesa da gindin. Idan fili bai isa ba, a kafa ginshiƙi biyu, a zuba linta ta tsallake saiwoyin. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona nan Samaru, a tambaye su.

Malam Shugaban Makaranta, katanga aikin mako biyu ce. Darbejiyar nan ta girme mu duka 'yan ajinmu.

Daga wata ɗalibar aji biyu